Yadda baƙo zai gane gidan abincin kirki a Abuja da Jos

Tambaya: Ni ma'aikaci ne daga Katsina, kuma sabon aikina yana yawan kai ni Abuja da Jos. A Abuja na sha biyan kuɗi mai yawa a gidajen abinci masu ƙyalli ba tare da na ji daɗin abincin ko tarbar ba. A Jos kuwa ban san inda zan dosa ba, sai in ƙare da burodi da lemon kwalba a masauki. Yaya baƙo zai gano inda 'yan gari suke cin abinci, kuma mene ne yake sa wani wuri ya zauna a ran mutum har ya riƙa ba da labarinsa?

Amsa: Malam, na daɗe ina aikin kuku a wani otal a Jos kafin in koma horar da masu girki da 'yan sabis a Abuja, saboda haka yawancin abin da zan faɗa maka daga cikin madafa na gan shi, inda mai cin abinci ba ya leƙawa. Abin da ya raba gidan abincin da ake tunawa da shi da wanda ake mantawa da shi tun kafin a kai bakin titi shi ne irin mutumin da ake dafa wa. Akwai mai dafa wa wanda zai dawo gobe da jibi, akwai kuma mai dafa wa wanda zai ci sau ɗaya ya wuce. Na farkon ba shi da damar yin ha'inci, domin idan ya ɗumama miyar jiya ya ce ta yau ce, wanda ya ci ta jiya yana zaune a kan benci kuma zai gane ta, kafin la'asar duk layin ya ji labari. Na biyun kuwa ya san da wuya ya sake ganin fuskarka, don haka kuɗinsa yakan tafi ga fitilu da kujeru da allon da ke bakin ƙofa. Aikin baƙo shi ne ya nemo inda ake dafa wa masu dawowa, ya zauna cikinsu ya ci albarkacinsu.

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambayar. Idan ka tsaya gaban mai karɓar baƙi a otal ka ce ya nuna maka gidan abinci mai kyau, zai dubi shaddarka da takalminka ya tura ka inda yake zaton ya dace da darajarka, wato wuri mai tsada wanda shi kansa bai taɓa cin komai a cikinsa ba, kuma a ganinsa girmama ka ya yi. Abin da ya kamata ka tambaye shi shi ne inda shi yake cin abincin rana, da inda yake sayen masa idan ya kwana a bakin aiki. Haka za ka tambayi maigadi, da direban ofishin da ka je, da mai wankin mota, da wanda kuka haɗa sahu da shi a masallacin unguwa. Idan mutum biyu da ba su san juna ba suka ambaci wuri ɗaya, to, ka samu. Taurarin da ake bai wa gidajen abinci a Google Maps da hotunan Instagram suna da amfaninsu wajen kwatancen hanya da sanin lokacin buɗewa, amma yawancin masu rubuta ra'ayi a can sanyin ɗaki suke yabo da kyawun wurin ɗaukar hoto. Matar da ta fi kowa iya miyar taushe a unguwa ba ta cikin taswirar ko kaɗan, sau da yawa ma ko allo ba ta da shi, da sunanta ko da bishiyar da take zama ƙarƙashinta ake kwatance.

Za ka ji ana cewa a bi direbobi, domin su ne suka san hanya da abin da ke bakinta. Maganar tana da gaskiya, amma tana bukatar gyara. Direban motar haya da ya ɗauko fasinja daga Utako ko Jabi ko Nyanya, ya bi ta Keffi da Akwanga ya nufi Jos, yakan tsaya ne inda za a ba shi nasa farantin kyauta saboda cinikin da ya kawo. Wurin yana iya zama mai kyau, amma tsayawar direban ba shaida ba ce. Wanda za ka lura da shi shi ne direban tirela da na tanka, wanda daga aljihunsa yake biya, kuma hanyar ce gidansa mako bayan mako. Inda ka ga manyan motoci sun jeru da rana tsaka alhali ba gareji ba ne, ba gidan mai ba ne, akwai tukunya mai kyau kusa. Duk da haka, idan Jos ka nufa, kada ka cika ciki kafin Hawan Kibo, domin kwane-kwanen hawan yana juya wa mutane da yawa ciki. Ayaba da lemo da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara, wato abin da ke da ɓawo ko wanda aka sauke daga wuta a gabanka, sun isa su riƙe ka har ka sauka.

Abin da ya same ka a Abuja yana da dalili a tarihin garin. A takarda aka zana Abuja kafin a gina ta. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka yanke shawarar mayar da babban birnin ƙasa can, gwamnati kuma ta tare a watan Disamba na 1991. A cikin zanen ba a bar wa mai tuwo wuri a bakin titi ba, hukumar kula da muhalli tana korar masu talla daga tsakiyar gari, kuɗin haya kuma ya yi tashin da ƙaramin mai sana'a ba zai iya ba. Saboda haka idan ka ci shinkafa a Maitama ko Asokoro ko Wuse II, kaso mai tsoka na abin da ka biya na haya ne da man janareta, kuma babu ɗaya cikinsu da yake ƙara wa miya daɗi. Mutanen da suke tafiyar da garin, masinjoji da akawuna da direbobi da masu gadi, a Nyanya da Karu da Mararaba da Kubwa da Lugbe da Suleja suke kwana, abincinsu kuma biyo su yake yi da safe ya koma da yamma. Ka je bayan gine-ginen Sakatariyar Tarayya ranar aiki tsakanin ƙarfe 12 da 2 na rana, za ka ga mata da manyan kuloli suna zuba shinkafa da wake da sakwara da tuwo, ma'aikata sun yi layi. Ka koma wurin ranar Asabar, ba za ka ga ko cokali ba.

Wanda yake neman abincin Arewa a Abuja ya fara da kasuwar Wuse da ta Garki, da kuma Wuse Zone 4 inda 'yan canji suke wuni. Waɗannan mutane ne da suka taso da tuwo, suna da kuɗin zaɓe, kuma kullum suna wuri ɗaya, don haka mai abincin da ba ta iya ba ba ta daɗewa a cikinsu. Ranar Juma'a bayan an sauko, kewayen Babban Masallacin Ƙasa yakan cika da masu fura da nono da dabino da dambun nama. Area 1 a Garki ta yi suna wajen kilishi. Kasuwar da ke barikin sojoji na Mogadishu kuma an san ta da gasasshen kifi da dare. Can kai za ka nuna kifin da kake so tun yana ɗanye, kuma ka gama ciniki kafin a ɗora shi a wuta, ka tambaya ko dankali da yajin da za a haɗa maka suna cikin kuɗin. Ka sani tun daga gida cewa ana sayar da giya a irin waɗannan wurare da a lambunan shaƙatawa na garin, don haka idan zaman bai kwanta maka ba, sai a naɗe maka ka tafi da shi.

Ba na cewa manyan gidajen abinci ba su da rana. Idan za ka gana da abokin hulɗa kuna bukatar wurin da za ku ji juna, ko kana tare da iyali kana son banɗaki mai tsafta da wurin salla, sun cancanci kuɗinsu, kuma masu kyau cikinsu suna da firjin da ba ya mutuwa, abin da ba ƙarami ba ne ga kifi da kaza. Kuskuren da baƙi suke yi shi ne neman tuwon shinkafa a gidan ɗan Labanon, ko neman shawarma a gidan da aka san shi da amala. Ka ci abin da gidan ya ginu a kansa. Idan kuma aka miƙo maka takardar abinci mai shafuka da yawa, akwai na Sin, akwai na Indiya, akwai na Italiya, ga na gida kala goma, ka san cewa babu madafar da take dafa wannan duka sabo kowace rana. Yawancinsa yana daskare ne yana jiran wanda zai kira sunansa. Gidan da yake yin abu huɗu ko biyar, kuma wani lokaci ya ce maka ɗaya ya ƙare, ya fi ba ni natsuwa.

Bayan wuri sai lokaci, kuma a nan ne baƙi suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Masa da ƙosai da kunun gyaɗa na safe ne, daga bayan asuba zuwa hantsi. Tuwo da shinkafa na masu kasuwa suna sauka ne wajen azahar, kuma wanda ya zo ƙarfe huɗu ƙanzo zai tarar da miyar da aka ƙara wa ruwa. Mai tsire yana hura wuta bayan la'asar, namansa ya fi daɗi daga magariba zuwa bayan isha. Idan ka ga tsire jere a kan tukuba da hantsi, ya yi duhu, gefensa ya bushe, ana ta shafa masa mai, mai yiwuwa na jiya ne. Mutum yana iya zuwa wurin da ya fi ko'ina kyau a gari a lokacin da bai dace ba, ya fita yana cewa an yabi abin da bai kai ba. A Jos ka ƙara da lura da ranaku: a unguwannin Kirista wurare da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi sai yamma, a na Musulmi kuma ciniki yakan tsaya lokacin Juma'a, cikin azumi kuwa sai bayan shan ruwa.

Jos ta fi Abuja saka wa mai neman abinci, kuma ina jin takaicin cewa burodi kake ci a garin da ya fi yawancin garuruwan ƙasar nan kayan miya. Haƙar kuza ce ta tara Jos tun farkon ƙarni na 20, Hausawa da Yarabawa da Ibo da Turawa suka zo suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, kowa da tukunyarsa. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, shi ya sa ake noma abin da ba ya yi a wurare da yawa. Dankalin Turawa yana fitowa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kabeji da karas da latas da koren wake kuma ana noman raninsu da ruwan rafuka da na kududdufan da haƙar kuza ta bari. Daga kasuwar Farin Gada ake lodin kayan gwari zuwa wasu jihohi, wato kabejin da ka ci a Abuja ya kwana a mota, na Jos kuwa da safen nan aka yanko shi. Saboda haka abu mafi sauƙi da zan fara ba ka shawara a kai shi ne faten dankali, ko soyayyen dankali da ƙwai a teburin mai shayi. Abinci ne da ba ya ɓoye komai. Idan dankalin sabo ne, bakinka zai gaya maka.

Sai gwate, wanda duk wanda ya zo Filato bai sha shi ba bai gama zuwa ba. Fate ne na acha ko na tsakin masara, ana dafa shi da alayyafo da yakuwa da gauta da ƙashi, wasu su ƙara wake, yana da ɗan tsami da ɗan ɗaci, kuma ana shan sa da zafi. Acha ita ce ma'aunin da nake gwada mai girki da shi a Jos. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, girmanta kusan ɗaya da na yashi, don haka sai an rege ta da haƙuri, ana sauya ruwa da ƙwarya sau da yawa, kafin a raba ta da tsakuwa. Idan ka ci tuwon acha ko ka sha gwate har ka kai ƙasan kwano haƙorinka bai gamu da yashi ba, ka riƙe wannan gida, domin wadda ta yi wannan wahala a kan abin da ba a gani ba za ta yi sakaci da nama da ruwa ba. Masu ciwon sukari da yawa suna neman acha, kuma abinci ce mai kyau, amma hatsi ce dai, ba magani ba, don haka dole a lura da yawan da ake ci.

Masar Jos 'yar'uwar ta Bauchi ce: shinkafar tuwo ake jiƙawa a niƙa, ƙullun ya kwana ya tashi, a soya a tanda, cikinta fari mai laushi, gefenta ya yi ja. Ana cin ta da miyar taushe, ko da yajin ƙuli da mai, ko a haɗa ta da tsire da yamma, kuma wannan haɗin na ƙarshe shi ne abin da baƙi suka fi komawa gida suna labari. Ka neme ta a layukan da ke kewaye da Babban Masallacin Juma'a da wajen Bauchi Road. A Terminus, babbar kasuwar garin ta ƙone a 2002, amma ciniki ya ci gaba a titunan da ke kewaye da ita, kuma masu abincin da suke ciyar da 'yan kasuwar irin waɗanda na ce ka nema ne. Abu ɗaya game da sanyi: cikin hunturu, Disamba da Janairu, daren Jos yakan sauka kusa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, abinci yana hucewa nan da nan, kitse yana daskarewa. Farfesu da balangu da masa a wurin ake cin su. Wanda aka naɗe masa ya tafi da shi otal rabin daɗin ya bari a hanya.

Akwai maganar da Musulmi baƙo yake yi a zuci ko da bai furta ba, wato ta yanka. Jos gari ne na addinai da ƙabilu, kuma akwai wuraren da ake sayar da naman alade ko na kare, amma masu sayarwa ba ɓoyewa suke yi ba, kuma ba a gauraya shi da na shanu a tukunyar da jama'a suke ci. Mata Kiristoci da yawa masu sayar da abinci wurin mahauta Hausawa suke sayen nama. Hanya mai sauƙi ita ce ka gaisa, ka tambaya cikin ladabi inda ake sayo naman, ko ka nemi na kifi ko wanda ba nama. Za a amsa maka da gaskiya, da Hausa ma, domin kusan kowa a Jos yana jin ta. Abin da ba ya da kyau shi ne yatsina fuska a kan abincin mutane. Kada kuma tsoro ya hana ka gwaten matar Birom, domin asalin abin nasu ne. Gaskiya ne cewa tun rikicin 2001 zaman unguwanni ya rabu sosai ta fuskar addini, don haka da rana ka shiga kasuwa hankali kwance kamar kowa, amma yawon neman abinci da dare a unguwar da ba ka sani ba, ka fara shawartar mai masaukinka.

Game da tsafta, kada tayil da gilashi su ruɗe ka, kada kuma rumfar kwano ta kore ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da 60, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce sa'a biyu a ajiye ba tare da wuta ko firji ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce tuwon da ake kwashewa yana tururi a rumfa ya fi aminci a kan soyayyiyar shinkafar da ta wuni da ɗumi-ɗumi a cikin gilashin wani babban wuri. Shinkafa musamman tana da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta, idan ta daɗe a ajiye sai ta saki dafi, kuma ɗumame ba ya kawar da shi. Ka dubi abin da duba-gari yake dubawa: ruwan wankin kwanuka ana sauya shi ko ya zama miya, ruwan wanke hannu zubo maka ake yi ko kowa cikin kwano ɗaya yake tsomawa, hannun da yake karɓar kuɗi shi ne yake taɓa nama ko akwai cokali, an rufe abinci ko ƙuda yana bisa. Man suya da ya yi baƙi yana hayaƙi ya gaji. Ɗanyen ganye kuwa, duk da kyawun latas na Jos, sai inda ka amince da wankinsa, domin ba kowane rafin da ake ban ruwa da shi ne mai tsafta ba. A fura da nono ma, ruwan da aka sirka da ƙanƙarar da aka jefa suna kawo matsala, don haka ka nemi kindirmo a dama maka da ruwan da ka zo da shi.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarka, abin da yake sa wuri ya zauna a rai. A iya abin da na gani, mutane ba sa daɗewa suna tuna ɗanɗano dalla-dalla, abin da suke riƙewa shi ne lokacin da wani ya kula da su alhali ba dole. Na taɓa tsayawa wurin wata mai masa a Jos da sanyin safiya, wani baƙo ya zo yana sauri ya nuna waɗanda ke cikin kwano. Sai ta ce, "Alhaji, waɗannan sun huce, dakata in zuba maka sabuwa," ta sa 'yarta ta kawo masa kujera da kofin kunu ya riƙe kafin ta soyu. Ba ta san shi ba, kuma da ta ba shi masu sanyin da ya biya ya tafi. A Abuja kuma, a wani gidan abinci da na yi aikin horarwa, wata yarinya 'yar sabis ta ga wani dattijo da hula da carbi ya zaɓi wani nama daga takarda, sai ta sunkuya ta gaya masa a hankali, ba tare da abokan zamansa sun ji ba, cewa da giya ake haɗa romon, ta nuna masa wani. Manajan ya so ya yi mata faɗa don abin da ta nuna ya fi araha. Na ce masa ya bari ya gani, kuma dattijon ya zama mai kawo baƙinsa gidan.

Abin da nake koya wa 'yan sabis bai wuce irin wannan ba, kuma mafi wuyarsa shi ne faɗin gaskiya da wuri. Babu abin da yake ɓata wa mai cin abinci rai kamar a karɓi odarsa, a bar shi yana kallon ƙofar kicin, bayan dogon jira a dawo a ce abin ya ƙare. Ma'aikacin kirki zai gaya maka tun farko abin da babu, da abin da zai ɗauki lokaci, da abin da yajinsa ya yi yawa ga yaro ko mai gyambon ciki. Za ka iya gwada wuri da tambaya ɗaya: me aka sauke yanzu? Wanda ya ce maka komai sabo ne bai amsa ba. Wanda ya ce miyar kuɓewa yanzu aka gama, ta agushi kuwa tun safe ce, ya nuna maka irin gidan da kake ciki. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan yana aiki ta ɓangare biyu. Yarinyar da take kawo maka abinci a Wuse wataƙila tun kafin asuba ta baro Mararaba cikin cunkoson motoci, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya yi mata sallama ya tambayi sunanta, da wanda ya kira ta da tafi ko da tsaki, ba abinci ɗaya suke ci ba ko da daga tukunya ɗaya aka zubo. Tunda kuma aikinka zai riƙa mayar da kai garuruwan nan, idan ka sami wuri mai kyau ka koma. A zuwa na biyu za a gane ka, a na uku an san ba ka son man ja da yawa, daga nan gyara zai fara shigowa kwanonka ba tare da ka roƙa ba.

Kafin ka biya a manyan wurare ka karanta rasit. Harajin kayan masarufi a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun 2020, kuma gidaje da yawa suna ƙara nasu kuɗin hidima, wasu kashi 5, wasu 10, a kan farashin da ke cikin takarda. Abincin naira 20,000 yana iya zama 23,500 kafin ka tashi. Ba laifi ba ne ka tambaya tun kafin ka yi oda ko farashin ya haɗa da waɗannan. Kuɗin hidimar ba a kowane gida yake isa hannun ma'aikata ba, don haka idan wani ya kyautata maka kana son yi masa tukuici, ka ba shi a hannunsa. A ƙananan wurare kuma ka riƙe 'yan canji a aljihu. Da yawa suna karɓar tiransifa yanzu, amma ranar da sabis ya ɗauke za ka tsaya tsaye da kwano a gabanka kana jiran saƙo ya shiga.

Idan za ka yi tsaraba, kilishin Abuja ka nemi a ba ka ɗanɗano kafin a auna. Mai kyau siriri ne, ya bushe sarai, labunsa ya kama jikin naman, ba ya warin tsohon mai kuma ba ya maƙaƙi a maƙogwaro. Jan launi mai ƙyalli ba shaidar komai ba ne. Ka ce a naɗe shi a takarda marar rubutu maimakon tsohuwar jarida, kuma kada ka ƙulle shi a leda yana da ɗumi. Daga Jos kuwa ka sayi dankali mai tauri wanda bai yi kore ba kuma bai fara tsiro ba, a buhun da iska take shiga, da acha wadda aka riga aka gyara idan mai ɗakinka ba ta saba rege ta ba. Cikin sanyi ana samun sitroberi daga ƙauyukan wajen Vom, amma ba ya jure zafi da girgizar mota, don haka ranar tafiya za ka saye shi, ka ɗora shi a saman kaya inda rana ba ta bugu, a cinye shi cikin kwana ɗaya ko biyu da isarka Katsina.